Idan manhajar imel ta fara jan ƙafa, a dakata da maganar fomatin

Duk wanda ke aikin ofis a Zariya da kwamfuta ya san wannan yanayin. An zo da safe, an kunna kwamfuta, an buɗe Thunderbird ko Outlook, sai fuskar manhajar ta yi fari-fari, ɗan zoben nan ya kama juyawa, can sama a rubuta "Not Responding". A danna saƙo, shiru. A rubuta jimla guda, sai bayan daƙiƙa biyar haruffan su zubo gaba ɗaya. Mai kwamfutar kuwa akwatin imel ɗinsa ba ɗaya ba ne: akwai na wurin aiki, akwai Gmail nasa na kansa, akwai tsohon Yahoo da ya buɗe tun zamanin zuwa kafe a Samaru, ga na ƙungiya ko na sashe da aka ɗora masa kula da shi. Huɗu ke nan, wasu har shida.

Abin da aka saba gaya wa mutum a shagon gyara shi ne a cire manhajar a sake sakawa, in ba ta yi ba a yi fomatin. Cire manhaja a sake sakawa kusan ba ya maganin komai, domin saƙonninka da saitinka ba a cikin manhajar suke ba. Suna cikin wata folda daban, kuma cirewar ba ta taɓa ta, don haka sabuwar da aka saka za ta tarar da kayan da suka danne tsohuwar suna nan suna jiranta. Fomatin kuma yana iya tafiya da saƙonnin shekara goma da babu kwafinsu a ko'ina. A mafi yawan lokuta laifin na akwati ɗaya ne a cikin akwatunan, ko ma folda ɗaya a cikin akwati ɗaya, kuma ana gano shi cikin rabin sa'a in an bi a hankali.

Kafin komai a ɗauki kwafi. A Thunderbird, shiga Help, sannan Troubleshooting Information, ka nemi layin Profile Folder ka danna Open Folder. Rufe manhajar gaba ɗaya, sannan ka kwafe foldar nan duka zuwa wani rumbu na waje. A Outlook, fayilolin da suka ƙare da .pst ne abin tsoro, kuma za ka ga inda kowanne yake a Account Settings, ƙarƙashin Data Files. Wani tarko a nan: filash da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai 4 GB. Kwafin zai tsaya a tsakiya da ƙorafin cewa fayil ya yi girma, alhali filash ɗin babu komai a cikinsa. Sai an mai da shi exFAT ko NTFS, kuma yin hakan ta hanyar fomatin yana goge abin da ke ciki.

Gwaji na farko ba ya cin ko sisi. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka bar shi a gefe, ka jira manhajar ta ƙame. Idan a lokacin layin Disk ya hau 100%, rumbun kwamfutar ne ya shaƙe. Idan Memory ce ta wuce kashi 90, to ram ce ta ƙare, kuma sau da yawa burawuza ce da shafi ashirin a buɗe ta cinye ta. Idan kuwa duka suna ƙasa, kwamfuta na zaune lafiya amma manhajar ta sandare, jiran amsa take daga wata sabar, wato babbar kwamfutar kamfanin imel da ke riƙe da saƙonni. Gwaji na biyu shi ke tabbatar da wannan: yanke ta daga intanet. A Thunderbird akwai File, Offline, Work Offline, kuma in ta tambaya ko ta sauke saƙonni tukuna, ce mata a'a. A Outlook maɓallin yana ƙarƙashin Send/Receive. In ta koma gudu kamar sabuwa da zarar an yanke ta, matsalar tana tsakaninta da sabar. In har yanzu tana tafiyar hawainiya, matsalar na cikin gida.

A fara da ta cikin gida, don ta fi yawa kuma ba a cika gane ta ba.

Thunderbird tana ajiye duk saƙonnin folda ɗaya a cikin fayil guda, a jere, kamar dogon kundin da ake ta rubutu a ƙarshensa. Buɗe foldar ImapMail ko Mail a cikin abin da ka kwafa ɗazu, za ka ga fayil mai suna INBOX ko Inbox wanda ba shi da wutsiya, kusa da shi kuma wani ƙarami mai wutsiyar .msf. Babban shi ne saƙonnin, ƙaramin fihirisarsa ce. Idan ka goge saƙo, manhajar ba ta yage shafin daga kundin, alama kawai take sa masa cewa kada a ƙara nuna shi. Shi ya sa za ka ga mutum yana rantsuwa saƙo 300 kawai ya bari a akwatinsa, amma fayil ɗin yana da 6 GB. Duk takardun taro, hotunan biki, kundin ɗalibai da aka turo babi-babi aka sake turowa bayan gyara, suna nan kwance. Ƙari a kan haka, duk fayil da aka maƙala wa imel yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku saboda yadda ake juya shi zuwa rubutu kafin a aika, don haka takarda mai 15 MB tana cin kusan 20 MB.

Maganinsa shi ne abin da manhajar ke kira Compact. Zubar da Trash da Junk tukuna, sannan ka danna foldar da maɓallin dama na maus ka zaɓi Compact. Manhajar za ta sake kwafe saƙonnin da ke raye zuwa sabon fayil ta yar da tsohon. Abu biyu ake kiyayewa. Dole rumbun ya kasance yana da fili aƙalla girman foldar, tunda na ɗan lokaci kwafi biyu ne za su zauna tare. Na biyun ya fi shafar mu: kada a fara wannan aikin a kwamfutar tebur da ba ta da UPS, a unguwar da wuta ke ɗaukewa ba sallama. In wuta ta tafi a tsakiya, mafi sauƙin abin da zai faru shi ne ka ga wasu foldoji masu suna nstmp sun ɓullo, mafi muni kuma foldar ta lalace. A laftof mai batir mai kyau, ko lokacin da janareta ya zauna daram, nan ne wurin yinsa. Kuma a yi folda ɗaya-ɗaya, a fara da mafi girma.

In folda tana nuna saƙonni a hargitse, ko ka danna wannan wancan ya buɗe, ko ta ƙame duk sanda aka shige ta, fihirisar ce ta lalace. Maɓallin dama, Properties, Repair Folder. A akwatin IMAP, wato irin wanda saƙonninsa ke zaune a sabar, wannan yana sa a sake sauke foldar daga can, don haka a yi lissafin data kafin a danna.

Sai a rage wa akwatin shiga kaya. Saƙo 40,000 a folda guda nauyi ne a kan kowace manhaja, domin duk buɗewa sai ta loda fihirisarsu. A Thunderbird, zaɓi tsofaffin ka danna harafin A, za su koma Archives, kuma a saitin akwatin, ƙarƙashin Copies & Folders, ana iya cewa a raba su shekara-shekara. Kada a kwashi dubu goma a lokaci guda a kan natiwok ɗin waya. Ɗari biyar zuwa dubu ɗaya, a jira su sauka, a ƙara. Bayan an gama sai a sake Compact, in ba haka ba fayil ɗin ba zai ragu ko kaɗan ba.

Akwai wani ma'aikaci a cikin Thunderbird da ke aiki a ɓoye, mai haɗa fihirisar bincike ta dukkan akwatuna. Yana karanta kowane saƙo yana zuba kalmominsa a fayil mai suna global-messages-db.sqlite. Da akwati shida, fayil ɗin nan kan kai gigabait, kuma in ya lalace sai aikin ya yi ta zagaye wuri ɗaya ba ya ƙarewa. Duba Tools, Activity Manager. In kullum kana ganin Indexing a kan folda ɗaya, ga ɓarawonka. Rufe manhajar, goge fayil ɗin, sake buɗewa. Babu saƙon da zai ɓace, sabo za ta gina, sai dai ginin kan ci awanni, don haka a bar shi ga daren da ake da wuta. Wanda ba ya amfani da babban binciken ma yana iya kashe shi ɗungurungum a Settings, General, ya cire alamar Enable Global Search and Indexer. Ƙaramin matacin da ke saman jerin saƙonni zai ci gaba da aiki a cikin kowace folda. A tsohuwar kwamfuta mai ram 4 GB, ni shawarata a kashe shi kawai.

Manhajar kashe bairos ita ma tana da hannu. Duk sanda sabon saƙo ya shigo, babban fayil ɗin nan ya canza, ita kuma tana iya komawa ta bincike shi, ta riƙe shi har ta gama, Thunderbird na tsaye tana jira. Mafi haɗari, in ta ga bairos a saƙo ɗaya, tana iya kulle fayil ɗin Inbox gaba ɗaya, mutum ya wayi gari akwatinsa wayam. Abin yi shi ne a cire foldar ajiyar imel daga cikin wuraren da take bincike. A Windows Security wurin yana ƙarƙashin Virus & threat protection, Manage settings, Exclusions. Sannan a Thunderbird, a Privacy & Security, a sa alamar da ke bai wa mai kashe bairos damar kama saƙo ɗaya-ɗaya yayin shigowarsa. Fayil da aka maƙala za a bincike shi a lokacin da ka ajiye ko ka buɗe shi, don haka ba a bar ƙofa a buɗe ba. Kuma in an tara manhajar kashe bairos biyu a kwamfuta ɗaya, kamar yadda ake yawan samu a waɗanda aka sayo na hannu, a cire ɗaya yau.

Ƙananan manhajojin da ake liƙa wa babbar ana gwada su cikin minti biyu. Riƙe Shift yayin buɗe Thunderbird, ko Ctrl yayin buɗe Outlook, kowace za ta tashi ba tare da su ba. In ta warke, sai a mai da su ɗaya-ɗaya har a kama mai laifin. A Outlook jerinsu yana File, Options, Add-ins, a zaɓi COM Add-ins a danna Go.

Tunda an zo Outlook, a gama da shi, kuma ana maganar tsohon Outlook ne na cikin Office. Shi yana tara akwati gaba ɗaya a fayil guda, .ost ko .pst. Iyakar da aka sa masa tun Outlook 2010 ita ce 50 GB, amma tun kafin nan ake jin jiki: Microsoft da kanta ta ce daga 10 GB ake fara ganin 'yan tsaye-tsaye, bare a rumbu mai juyawa. A akwatin Exchange ko Microsoft 365 akwai majanyi a saitin akwatin da ke cewa saƙonnin wata nawa za a ajiye a kwamfuta. Janye shi zuwa wata 6 ko 3, sauran suna nan a sabar. Bayan haka a matse fayil ɗin da Compact Now a saitin Data Files. In ana zargin lalacewa, akwai ƙaramar manhaja SCANPST.EXE a cikin foldar Office, ana gudanar da ita Outlook na rufe, wani lokaci sai an maimaita sau biyu ko uku kafin ta daina samun kuskure. Ana yawan cewa goge .ost ba komai, zai sake sauka. Gaskiya ne ga Exchange. A akwatin IMAP kuwa, kalanda da lambobin mutane da aka rubuta wa "This computer only" a cikin fayil ɗin kaɗai suke, sai a fitar da su tukuna. Shi kuwa .pst na akwatin POP, wato irin wanda ke kwaso saƙonni daga sabar ya ajiye su a kwamfuta, goge shi daidai yake da ƙona durowar takardu.

Yanzu ɓangaren waje, wato in yanke intanet ya sa manhajar ta warke.

Fara da neman akwatin da ba ya shiga. Akwati ɗaya da kalmar sirrinsa ta canza, ko na wurin aikin da aka bari tuntuni aka rufe sabarsa, ya isa ya jiƙa wa sauran aiki, saboda manhajar za ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba mai buɗewa, tana jira, tana sakewa. A Thunderbird, shiga saitin kowane akwati ka cire alamar duba saƙo lokacin buɗewa da ta duba saƙo duk bayan 'yan mintoci, a dukkansu. Rufe, buɗe, sannan ka danna akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sa ta ƙame shi ne. Sau da yawa tsohon saiti ne: Google ta daina karɓar kalmar sirri tsurarta daga irin waɗannan manhajoji a akwatunan Gmail na mutane tun watan Mayun 2022, Microsoft ta bi sahu a Outlook.com da Hotmail a Satumban 2024. Hanyar shiga yanzu ita ce OAuth2, wadda ke buɗe ɗan shafi ka shiga kamar a burawuza. Lambobin ƙofa kuma su zama 993 ga IMAP, 995 ga POP, 465 ko 587 ga aikawa. Tsohuwar manhaja ba lallai ta iya sabuwar hanyar ba. Kwamfutar da ke kan Windows 7 ba za ta wuce Thunderbird 115 ba, domin daga 128 sai Windows 10 zuwa sama.

Dubi agogon kwamfutar ma. Tsofaffin kwamfutocin tebur suna da ɗan batir mai kamar kwabo, CR2032, a jikin allon ciki. In ya mutu, duk sanda wuta ta ɗauke sai kwanan wata ya koma shekarun baya, takardun shaidar tsaro na sabar su zama kamar na bogi a idon manhajar, dukkan akwatuna su ƙi shiga lokaci guda. Masu gyaran agogo da masu kayan kwamfuta a Sabon Gari suna sayar da shi, canzawa kuma minti biyar ne.

Sai lissafin layuka. Thunderbird tana riƙe layin sadarwa har 5 da sabar kowane akwatin IMAP. Akwati shida, layi 30, duk a kan MiFi guda ko wayar da aka mayar hotspot aka jingina a taga. Gmail kuma ba ya yarda akwati ɗaya ya wuce layi 15 a lokaci guda. Ɗauki akwatin ofis da mutum huɗu ke buɗewa a kwamfutocinsu: huɗu sau biyar ashirin, an wuce iyaka tun ba a ƙirga wayoyi ba, sai a fara ganin "Too many simultaneous connections". A Server Settings, Advanced, mai da lambar 2 ga kowane akwati. Lokacin duba saƙo kuma, wanda yake zuwa a minti 10, a bar shi haka ga akwatin aiki, sauran a kai su 30 ko 60. Masu mai da shi minti 1 don kada saƙo ya wuce su suna sa wani zagaye ya hau kan wanda bai ƙare ba. A Outlook ana gyara wannan da Ctrl da Alt da S, kuma a nan ana iya ware akwatunan da ba a damu da su ba zuwa rukuninsu daban.

Gmail yana da wata ɗabi'a da ke cinye data da rumbu tare. A wurinsa babu folda ta gaskiya, laƙabi ne ake manna wa saƙo, amma manhajar tebur tana ganin kowane laƙabi a matsayin folda. Saƙo ɗaya sai ya sauka a Inbox, ya sake sauka a All Mail, in yana da alamar Important ya sauka karo na uku. Akwati mai 8 GB ya zama 16 ko fiye a kwamfutarka. Google kuma ta ƙayyade saukewa ta IMAP a kusan 2,500 MB a rana, don haka sabon akwati babba zai kwana da kwanaki yana saukowa yana tsayawa, mai shi na zagin kwamfuta. A Thunderbird, danna sunan akwatin da maɓallin dama, Subscribe, cire alamar All Mail da Important. Sai dai a sani, saƙon da aka adana da Archive a Gmail can All Mail yake komawa, don haka wanda ke yawan neman irinsu gara ya bar foldar amma ya hana a sauke cikinta, a Synchronization & Storage, Advanced. A wannan shafin ne kuma ake cewa a ajiye saƙonnin kwana 30 ko 90 na baya kawai, kuma kada a sauke wanda ya wuce wani girma sai an buɗe shi. Ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa, wannan shafi ya fi kowanne amfani.

In an bi duk wannan ba ta canza ba, a gina sabon mazauni, wato Profile mai riƙe saƙonni da saiti, a gefe ba tare da taɓa tsohon ba. Danna maɓallin Windows da R, rubuta thunderbird -P, ƙirƙiri sabo. Ga Outlook, Control Panel, Mail, Show Profiles, Add. Saka akwati ɗaya, yi aiki da shi yini guda, ƙara na biyu. Akwatunan IMAP za su sauko da kansu. Na POP da abin da ke Local Folders sai an kwaso su da hannu daga kwafin nan na farko, a Thunderbird ta hanyar zuba fayilolin marasa wutsiya a foldar Local Folders ta sabon mazaunin, manhajar na rufe.

Saura jikin na'urar. In Task Manager na nuna Disk a 100% ko da manhajar imel na rufe, babu saitin da zai cece ka. Laftof ɗin hannu da yawa suna zuwa da rumbu mai juyawa sau 5,400 a minti, kuma aikin imel, mai tsalle daga wannan gefen fayil zuwa wancan, shi ne irin aikin da ya fi wahalar da shi. Sauya shi da SSD, wato rumbun da ba ya juyawa, mai 256 GB ya fi duk wani gyara da aka lissafa a sama tasiri, kuma ya fi ƙarin ram, ko da yake kai ram zuwa 8 GB shi ne na biye. A bar aƙalla kashi 15 na rumbun babu komai. Sannan ƙurar hunturu: daga Disamba zuwa Fabrairu tana toshe fanka da ramukan iska, zafin Maris da Afrilu ya zo ya tarar da su a toshe, kwamfuta ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Alamarsa ita ce tana lafiya da safe, ta fara nauyi wajen azahar, fanka na kuka. A buɗe a hure da bulowa, a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima, in ta shekara uku ba a taɓa ba a canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi.